Rumfar taro a zangon Kumasi: haya, ƙarfe, gora ko katako?

Walimar saukar Alƙur'ani ce ta yaran makarantar layinmu a Aboabo, cikin watan Afrilu, bayan la'asar. Mun yi hayar kanofi huɗu, wato rumfunan ƙarfe da tamfol, mun jera a kan titi, biyu na maza biyu na mata, an shimfiɗa tabarmi a gaba, yaran sun zauna da allunansu da aka yi wa zayyana. Ana cikin karatu hadari ya taso. Iskar da ta riga ruwan zuwa ta ɗaga kanofi ɗaya ta gefe, duwatsun da aka danne ƙafafunsa da su suka gangara cikin kwata. Da ruwan ya sauko, tamfol ɗin na biyu ya yi tumbi a tsakiya. Ina kallo wani saurayi ya ɗauki benci yana tokarar tumbin don ruwan ya zube, kafin ya kai ga haka fayif ɗin tsakiya ya lanƙwashe, ruwan ya kwararo kan tabarmi. Allah ya kiyaye, babu wanda ya ji ciwo, amma tawadar alluna uku ta wanke, kuma har yau ina tuna fuskar yarinyar da ta rungume nata allon tana kuka.

A zaman ƙungiyar unguwa na gaba aka yanke cewa mu mallaki tamu rumfar, wadda za a kafa a kwance a kai wani layin. Da yake ni ke riƙe da littafin kuɗi, ni aka ɗora wa yawon tambaya. Na je Suame Magazine wajen masu walda, na je kasuwar katako ta Sokoban, na zauna da masu sayar da gora da masu ba da haya. Abin da na taro shi ne zan zube a nan, don na san ƙungiyoyi da masallatai da yawa a Asawase, Sabon Zango, Tafo, har da 'yan'uwanmu na Nima da Madina a Ankara, babban birnin Gana, suna kan wannan shawara.

Tun farko ku cire kyan gani daga sahun gaba. Rumfar da za a riƙa yawo da ita, abu uku ne ke yanke mata hukunci: kwana nawa za ta yi a tsaye kowane zuwa, su wane ne za su ɗauke ta da hannunsu, kuma a ina za ta kwana idan ba taro. Na ga rumfa mai kyau wadda aka kafa sau biyu kacal, aka jingine ta bayan masallaci har tsatsa ta cinye, saboda sai an tara mutum goma kafin a ɗaga ta.

Haya ita ce kowa ya sani, kuma ba na raina ta. Ka buga waya, yara su zo da aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, su kafa, gobe su kwashe, babu ajiya babu gyara. Gidan da taronsa bai wuce suna ɗaya da aure ɗaya a shekara ba, ko ƙungiyar da ba ta da ko ɗan shagon ajiya, su tsaya a kan haya, ya fi musu sauƙi nesa ba kusa ba. Matsalarta a garin nan ta lokaci ce. Asabar ranar makokin Asantawa ce, kanofi ja da baƙi sun cika kowace unguwa, Lahadi kuma mu ne da aurenmu. Mu kuwa mutuwa ba ta ba mu sanarwa: a rasu da asuba, a kai shi makwancinsa kafin la'asar, a zauna karɓar gaisuwa kwana uku. Idan rasuwar ta faɗo daren Juma'a, sai ka zagaye masu haya ka tarar an kama komai, abin da ya rage shi ne mai yagaggen tamfol da karkatacciyar ƙafa. Ga shi ba ka da ta cewa kan yadda aka ƙera shi. Yawancinsu an yi su da siririn fayif don su yi sauƙin ɗauka, rufinsu bai da gangara sosai, kuma gajeru ne, zafin tamfol na sauka kai tsaye a kan mutane.

Lissafin da zai raba gardama ba shi da wuya. Ku buɗe littafin ƙungiya ku ƙirga taron bara duka, suna da aure da zaman makoki da sadakar bakwai da ta arba'in da Mauludi da walima, ku ga kanofi nawa aka ɗauka da kwana nawa, ku tara kuɗin. Sai ku ajiye shi kusa da farashin da mai walda ya ba ku, haɗe da kuɗin sabon tamfol da za a riƙa sauyawa, da ɗan hasafin yaran da za su riƙa kafawa. Idan kuɗin hayar shekara biyu ya kai na ƙerawa, ku ƙera. Mu da muka ƙirga, sai da kowa ya yi shiru.

Yanzu ƙarfe, wanda na fi daɗewa a kansa domin shi ne aka fi kuskure wajen yi. Wani dattijo mai walda a Magazine, wanda ya yi shekaru yana haɗa bodin manyan motoci, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, rumfar da kake so, haɗinta ne rumfar. Fayif kowa na da shi." Na ce, "Baba, to yaya za a yi haɗin?" Sai ya jawo guntun fayif biyu, ɗaya ya fi ɗaya faɗi kaɗan, ya zura ƙaramin cikin babban, ya nuna mini inda za a huda a sa noti. Abin da yake nufi shi ne a yi walda a kan mahaɗan kusurwa kaɗai, su zama kamar kofuna masu baki uku ko huɗu, dogayen fayif kuwa a bar su miƙaƙƙu, a riƙa zura su ana ɗaurewa da noti. Kanofin da aka walde rufinsa ya zama falle ɗaya ba ya shiga lungu, ba ya hawa aboboya sai ya leƙo ta kowane gefe, kuma idan ya lanƙwashe wuri ɗaya duka ya tashi aiki.

Fayif yana zuwa da tsawon kusan mita 6. Idan aka raba shi biyu an sami mita 3 sau biyu ba tare da asarar ko taƙi ɗaya ba, shi ya sa awon da ya fi dacewa shi ne a yi rumfar gida-gida, kowane gida mita 3 da mita 3, ko mita 3 da mita 6, a riƙa jona su gwargwadon taro da faɗin layi. Sandar inci ɗaya da rabi mai tsawon mita 3 nauyinta wajen kilo 10 ne, yaro matashi zai saɓa biyu a kafaɗa. Fili mai mita 6 da mita 6 yana ɗaukar sahu biyar na sallah, mutum goma kowane sahu, wato mutum 50. Idan kujerun roba ne kuma aka bar hanyar wucewa, ku sa ran wajen 40. Da wannan za ku iya auna gida nawa kuke bukata, maimakon ku ce wa mai walda "yi mana babba".

Akwai baƙin ƙarfe, akwai farin da aka yi wa wankan tutiya wanda masu sana'a ke ce wa galbanais. Baƙin ya fi araha, amma Kumasi garin ruwa ne, damina biyu muke yi a shekara, daga Maris zuwa Yuli sannan daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma fayif ɗin da ake ja a ƙasa ana jefawa cikin mota fentinsa ba ya daɗewa. Tsatsa kuma ta ciki take fara ci, inda ido ba ya gani. Ku sayi farin in da hali, mutanen Ankara da ke shan iskar teku mai gishiri kuwa ba su da zaɓi ma. Abu ɗaya da ake mantawa: wutar walda tana ƙone tutiyar daidai wurin haɗi, don haka dole a goge wurin a shafa fentin hana tsatsa, in ba haka ba a mahaɗar rumfar za ta fara ruɓewa.

Sai maganar ruwa da iska, waɗanda suka kunyata mu ranar walima. Ruwan sama na milimita 25, wanda a nan ba wani abin labari ba ne, idan ya sauka kan rufi mai mita 6 da mita 6 ya kai lita 900. Ku kwatanta jarkar nan rawaya da muke ce wa galan ɗin Kufo, mai lita 25, guda 36 a cike. Kowace lita kilo ɗaya ce. Ko kashi ɗaya cikin goma ne ya taru a tumbin tamfol, an rataya wa fayif ɗaya nauyin ƙaton mutum. Maganinsa shi ne rufi mai tsini sosai, da ƙarin sanduna a ƙarƙashin tamfol don kada a bar masa faffaɗan wurin da zai lotsa, da ɗaure shi tamau. Inda gida biyu suka haɗu kuma a sa indararo na tamfol ko na roba ya kai ruwan kwata, don a nan ne ruwa ke zubo wa mutane a wuya.

Iska kuwa daga ƙasa take kama rumfa ta ɗaga ta kamar lema. A kan kwalta ko siminti ba a iya kafa turke, dutse kuma ba ya riƙe komai. Abin da na ga yana aiki shi ne a zuba kankare cikin tsohuwar taya ko bokitin fenti mai lita 20, a dasa guntun fayif a tsakiya inda ƙafar rumfa za ta shiga a ɗaure da noti. Bokiti ɗaya ya haura kilo 40, taya kuma ana iya gangara ta. A ƙara sandar tokara a karkace a kowace kusurwa, a ɗaure gidajen da juna su zama jiki ɗaya. Duk da haka, idan irin guguwar farkon damina ce ta watan Maris da Afrilu, a fitar da mutane a sauke tamfol. Don haka ɗaurin tamfol ya zama na igiya mai zarge wadda za a kwance cikin minti kaɗan, kada a ɗaure da waya.

Aibin ƙarfe da tamfol guda ne babba: zafi. Da azahar tamfol mai duhu kamar murhu yake a kan mutum. Farin tamfol ya fi, tsawo ma yana taimako, a ɗaga bakin rufin ya kai mita 3. Amma abin da ya fi duka shi ne rufi biyu, tamfol a sama, zana ko asabari a rataye a ƙasansa da tazarar kamar kamu ɗaya ko biyu, iska na ratsawa tsakani. Kakanninmu da suka zo fataucin goro daga ƙasar Hausa sun san sanyin rumfar zana, mu ne muka bar ta don ruwa na ratsa ta. Haɗa su biyun ya ba mu sanyinta ba tare da yoyo ba.

A nan ne na tuna da aikin Francis Kéré, mai zanen gine-ginen nan ɗan ƙauyen Gando a Burkina Faso, wanda ya karɓi lambar yabo ta Pritzker, ta masu zanen gine-gine, a 2022. A 2017 shi ya zana rumfar wucin gadi ta Serpentine a Landan, inda ake kafa sabuwa da bazara a kwance ta bayan 'yan watanni. Ya ɗauko siffarta daga bishiyar da mutanen ƙauye ke taruwa a ƙarƙashinta: faffaɗan rufi a sama, bangaye shuɗaye na katako masu ƙananan kafofi waɗanda ba su taɓa rufin ba, don iska ta wuce, sannan rufin ya gangaro da ruwan sama zuwa buɗaɗɗen wuri a tsakiya da gangan. Ba mu da kuɗin yin irin tasa, amma dabarun biyu kyauta ne. Labulen da ke raba maza da mata kada ya kai har rufi, a bar sarari sama da ƙasa. Ruwa kuma tun a takarda a zaɓa masa hanyar da zai bi.

Gora ita ce zuciyata ta fi so. Tana da yawa a dazuzzukan kudancin Gana, ba ta da nauyi, ba ta ɗaukar zafi, kuma zama a ƙarƙashinta daban yake. A garin nan ma ana haɗa kekuna da ita, cibiyar binciken daji ta FORIG da ke Fumesua kuma ta daɗe tana aiki a kanta, don haka masu saninta ba su yi mana nisa ba. Sai dai gorar da masu gini ke tokare rufin kankare da ita, ɗanya ce aka saro aka kawo, kuma ƙwarin da ke huda ta suna son zaƙin da ke cikinta. Za ka ga garin gora yana zubowa kamar an barbaɗa, cikin shekara ɗaya ko biyu ta zama fanko. Wadda za ta yi rumfa sai ta nuna, mai shekara uku zuwa biyar, a saro ta da rani, a huda gaɓoɓinta ta ciki, a jiƙa ta cikin ruwan boraks da borik asid mako ɗaya ko biyu, a shanya a inuwa. Wannan magani ruwan sama na wanke shi, saboda haka dole rufi ya zarce ya kare ta, ƙafarta kuma kada ta taɓa ƙasa, a ɗora ta kan dutse ko ƙarfe saboda gara da laima.

Inda gora ta kāsa a wurinmu shi ne yawan kafawa da kwancewa. Ba ta son ƙusa, tsagewa take yi. Sai a huda da na'ura kusa da gaɓa a sa noti, ko a ɗaure da igiya. Ramin noti yana faɗaɗa idan ana yawan kwancewa, ɗaurin igiya kuma yana cin lokaci yana son gwani. Sanda biyu ba sa zuwa kauri ɗaya, kowace sai ta koma gurbinta. Rumfar da za a kafa yau da dare a kwance jibi, sau talatin a shekara, ba ta gora ba ce. Amma wadda za ta yi wata guda cur, kamar ta tafsiri da buɗe-baki da asham a harabar masallaci, ko majalisar samari masu shan shayin ataya, ko ajin makarantar allo kafin a gama gini, babu kamarta. Azumin 2025 ya kama a watan Maris, tsakiyar zafi, kuma kowace shekara yana matsowa baya da kamar kwana goma sha ɗaya, yana shiga cikin rani da hunturu. Shekarun nan masu zuwa, inuwa da tare ƙura rumfar azumi za ta fi bukata, ba tare ruwa ba, kuma wannan aikin gora da zana ne.

Katako da kwano ba zan daɗe a kansu ba. A Sokoban za ka sami katakon da Asantawa ke kira wawa, mai araha mara nauyi, amma laushi gare shi kuma ƙwari na son sa. Odum yana da ƙarko, sai dai tsada da nauyi. Kwanon rufi kuwa kowace cirewa sai ramin ƙusa ya ƙaru, gefensa na yanka hannu, idan ruwa ya sauko ba a jin mai wa'azi, kuma falle ɗaya da iska ta fizge a cikin taro masifa ce. Idan kuna da fili naku kuma rumfar za ta shekara biyu ko uku kafin a matsar da ita, to ya yi, a haɗa da noti maimakon ƙusa. Wannan kusan gini ne, kuma ku nemi izinin ginin wucin gadi a majalisar yankinku, mu nan ta Asokore Mampong ce. Kwantena ma an kawo shawararta a zamanmu. Mai tsawon ƙafa 20, wato mita 6, tana da faɗin kusan mita biyu da rabi, nauyinta ya haura tan biyu ba komai a ciki, sai mota mai ƙugiya ke ɗaga ta, kuma ba lungun zango da za ta shiga. Amfaninta ɗaya ne, ta zama ɗakin ajiyar rumfar da kujeru, idan akwai inda za a girke ta.

Ajiyar nan kuwa ita ce ke kashe yawancin kayan ƙungiya. Noti ɗaya ya ɓace, a ɗaure da waya, gobe biyu su ɓace. A naɗe tamfol da laima, ya yi fumfuna ya fara wari. Wani ya ari sanda huɗu zai yi rumfar shago, shi ke nan. Wata Hajiya da ke shugabantar ƙungiyar matan layinmu, wadda ta shekara da shekaru tana kula da tukwane da kujerun biki ba tare da ko ɗaya ya salwanta ba, ta ce mini, "Malam, ku maza kuna sayen kaya, ba ku sayen littafi." Na ce, "Hajiya, to ki riƙe mana." Ta karɓa bisa sharaɗi: noti duka su zama awo ɗaya don sifana ɗaya ta isa, kowane gida a shafa wa sandunansa fenti kala guda, a ƙirga a fita a ƙirga a dawo, kuma duk wanda ya ara ya ajiye ɗan abin gyara ko da ɗan ƙungiya ne. Ita ce kuma ta tuna mana abin da babu namijin da ya kawo, cewa a ware gida ɗaya mai rufin kwano ko mara rufi don masu girki, nesa da tamfol, saboda tartsatsin itace. Wayar lasifika da ta fitila kuma mai aikin lantarki ne zai ja ta, kada a naɗe ta a jikin ƙarfe yadda aka saba, musamman da damina. In za a tare titi, a sanar da ɗan majalisar unguwa da maƙwabta tun da wuri, a bar gefe ɗaya da mota za ta iya wucewa da mara lafiya.

Ga inda na tsaya. Mai taro jefi-jefi, haya. Ƙungiya ko masallacin da kusan kowane mako akwai abin yi a layi daban-daban, farin ƙarfe gida-gida mai haɗin noti, da farin tamfol da zana a ƙasa. Zaman wata guda ko fiye a wuri ɗaya, gorar da aka yi wa magani. Mai fili da niyyar shekaru, katako. Mu mun ba da aikin gida shida masu mita 3 da mita 6, muka fara da ɗaya don gwaji. Da aka kawo shi, muka sa samari huɗu waɗanda ba su taɓa ganinsa ba su kafa, ba tare da mai waldar ya sa baki ba, muka kuma watsa masa ruwa da tiyo daga saman bene. Kusurwa ɗaya ta tara ruwa, an mayar an ƙara mata sanda. Sauran biyar ɗin za su iso kafin Mauludi, kuma kwamitin masallaci ya riga ya aika a tambayo mana gorar da za a jiƙa don rumfar tafsirin baɗi.